Yadda na kai masara Ibadan a tirela, ga dogo kwance a bakin gona

Sana'ata hatsi. Ina da ɗan sito a Kawo, nan cikin Kaduna. In kaka ta yi sai in bi kasuwannin ƙauye in tara masara da dawa da waken suya, in riƙa sayar wa masu kiwon kaji da masu injin niƙa a cikin gari. Kai kaya Kudu ba harkata ba ce. Na fi gane in sayar wa wanda zai kai, in karɓi kuɗina in kwana lafiya. Bara ne bayan an gama girbi wani abokin ciniki ya haɗa ni da wani kamfanin haɗa abincin kaji a Ibadan. Tan 30 na jar masara suke so, wato buhu 300 mai cin kilo 100, lodin tirela ɗaya ke nan. Suka ce ta bushe sarai, danshinta kada ya haura kashi 14 cikin 100, kada a ga fumfuna, kuma babu kafin alƙalami: sai mota ta hau sikelinsu, sun duba kaya, sannan su biya. Na lissafa tazarar da ke tsakanin farashin nan da na can, na ga mutum zai samu na cefane, na ce na ɗauka.

Giwa na nufa, don can dangin mahaifiyata suke, kuma a harkar hatsi in ba ka da naka a gari, a kanka za a ci kasuwa. Daga Kaduna sai ka kama hanyar Zariya, ka karya a Kwangila, ka wuce Samaru da Shika. Tun daga Samaru layin dogo ke yi maka rakiya, ya nutse cikin karan gonaki ya sake ɓullowa can gaba. Shi ne reshen da ya ɓalle daga Zariya ya nufi Funtuwa da Gusau. Na sha bin hanyar nan, ban taɓa cin karo da jirgi a kansa ba.

Kawuna ya manyanta, ya daina zuwa kasuwa, amma shi ya aika aka kira mini dillalin da ya amince da shi, aka yanke la'adar kowane buhu a gabansa. Wanda bai san sana'ar ba zai ɗauka buhu 300 wuri ɗaya ake zuwa a kwaso. Ina! Wannan ya kawo biyar a amalanken shanu, wancan biyu a bayan babur, wani ya ce yana da ashirin amma sai an bi shi gida an buɗe ɗaki. Kowane buhu sai an soka masa ƙarfen nan mai tsini, sama da tsakiya da gindi, ƙwayar ta gangaro tafin hannu. Ka ɗauki ɗaya ka gatsa. In ta ce ƙas ta rabe biyu, ta bushe. In haƙori ya nutse a cikinta, a mayar wa mai ita ya ƙara shanyawa, kome rantsuwar da zai yi. Dillalin nan yana da wata dabara da na ɗauka a wurinsa: ya kwance bakin buhu ya zura hannu har gwiwar hannu. In ya ji ɗumi a ciki, to da ɗanyenta aka ɗura ta, kuma kafin ta kai Ibadan za ta yi fumfuna ta ɓata maƙwabtanta.

Sayen ma shi ne mai sauƙi. Buhun kasuwa da tiya da ido ake cika shi, kamfani kuwa kilo ya sani. Don haka duk abin da na saya sai da aka juye a tamfol, mata suka rairaye suka shiƙe, aka fitar da tsakuwa da gutsattsarin totuwa da ƙwayar da ta yi baƙi, sannan aka sake ɗurawa a sababbin buhuna, kowanne ya hau sikeli, aka ɗinke da basilla. A nan ake gane mai algus: sama masara tsaf, tsakiya ƙura da dusa. Ba su da yawa, amma akwai su. Kafin in cika 300 na kamfani sai da na ƙaro wasu buhunan a kan lissafina na farko, kuma wannan ragin a wuyana yake.

Wurin da muka yi aikin wani faffaɗan dakalin siminti ne a bayan ƙauyen su Kawu, daf da dogo. Ya tsattsage, ciyawa ta fito ta tsagar, mutanen ƙauye na shanya barkono a kai. Gefensa akwai kangon ɗaki, an kwashe kwano da ƙofofi tuntuni. Ana cikin awo sai ga Kawu an kawo shi a babur, aka shimfiɗa masa tabarma a inuwar ɗorawa.

"Kai yaro, ka san inda kake shanya masarar nan?"

Na ce, "Kawu, dakali dai na gani."

"Dakalin lodi ne. Daidai bakin ƙofar tarago aka gina shi, ɗan dako ba ya hawa ba ya sauka, daga sikeli sai cikin jirgi. Ina saurayi a nan na yi akawun awo."

Dogon da Turawa suka ja daga Baro, bakin kogin Kwara, ya ratsa Kaduna da Zariya ya isa Kano a 1911, a 1912 aka haɗe shi da na Legas. Kaduna kanta albarkacin dogon nan ta zama gari, don a 1917 Gwamna Lugga ya dawo da hedikwatar Arewa nan daga Zungeru. Da gyaɗa da auduga suka fara kawo kuɗi sai aka shiga ja wa babban layin rassa zuwa inda amfanin gonar yake. Namu ya tashi daga Zariya, ya bi ta Funtuwa da Tsafe da Gusau, a 1929 ya tsaya a Ƙauran Namoda, tafiyar sama da kilomita 200. Bai taɓa isa Sakkwato ba. A 1930 aka kai wani reshen daga Kano zuwa Nguru. Ka ɗauki taswira ka duba, duk teku suke fuskanta. Ba don Bazazzagi ya ziyarci Bazamfare aka shimfiɗa su ba, an yi su ne don auduga ta isa masaƙun Ingila, gyaɗa kuma ta isa matatun mai na Turai.

Kawu ya yi akawunsa ne bayan samun 'yancin kai, a ƙarƙashin wani Alhaji mai lasin sayen amfanin gona na hukumar ciniki ta Jihar Arewa. Ya ce in kaka ta yi, jakuna da raƙuma ke cika filin nan tun asuba. A auna gyaɗa, malamin duba ya ga ingancinta, a ɗura a buhun algarara, a jibge. Auduga kuwa gidan gurza ake kai ta, Funtuwa ko Zariya, a raba ta da angurya, a ɗaure dila-dila, sannan ta hau jirgi. In kaya sun taru sai akawu ya je wurin mai tasha ya nemi tarago, a rubuta shi a littafi. Ran da rabonka ya zo, jirgin kaya zai yanke maka fanko a ɗan layin gefe ya wuce, kai kuma ka tara 'yan dako, don in ka wuce wa'adi ba ka cika ba akwai tara. A rufe ƙofa, a buga hatimin darma, a ba ka takarda. "Daga nan," in ji shi, "ba mai taɓa shi sai Ikko." Taragon ba ya dawowa haka nan, da gishiri da kananzir da goro da siminti yake dawowa. Dawa da gero da wake su ma sukan hau, haka shanu daga can Gusau da Ƙaura, amma hatsi sai gyaɗar hukuma ta bar masa wuri.

Na ce, "Masara fa, Kawu?"

"Wace masara? Ta bayan gida? Wannan ai ta gasa wa yara ce kafin gero ya nuna. Wa zai cika tarago da masara a lokacin?"

Ni dai ɗan kasuwa ne, daɗin labari bai hana ni lissafi ba. Kuɗin tirelar da ake faɗa mini a waya ya kusa lashe abin da na hango, ga dogo a bakin dakali, kuma na san layin Legas ta Ibadan ya bi: Zariya, Kaduna, Minna, Jabba, Ilori, Ibadan. Na ce me zai hana in gwada? Kawu ya yi dariya har da tari, ya ce in je Sabon Garin Zariya wurin wani abokinsa da ya yi ritaya a reluwe, shi zai ba ni amsa.

Na tarar da dattijon a ƙofar gida yana gyaran rediyo. Da leburancin gyaran layi ya fara, ya gama yana mai tasha. Bayan gaisuwa da isar da saƙon Kawu na ce, "Baba, tarago ɗaya nake nema, daga wajen Giwa zuwa Badun."

Ya ajiye rediyon. "Ɗana, a ce ma layin nan lafiyarsa ƙalau, wa zai tayar da kan jirgi daga Zariya saboda tarago ɗaya?"

Sai ya warware mini yadda reshe ke rayuwa. Tarago ɗaya kusan abin da tirela ɗaya ke ɗauka yake ɗauka. Ribar jirgi ita ce kai ɗaya ya ja ashirin. A reshe irin namu ba tashar da ke cika ashirin ita kaɗai. Wannan ta ba da ɗaya, waccan biyu, Funtuwa da Gusau su ba da mai yawa, kafin a iso Zariya jirgi ya cika. Abin da ya riƙe tsarin shi ne babban mai kaya guda ɗaya, wato hukumar ciniki, wadda duk gyaɗa da audugar ƙasar ta hannunta suke bi, ita kuma jirgi take ba. Ƙananan 'yan kasuwa masu dawa da wake a inuwarta suke shiga. Ran da babban mai kayan ya janye, jirgin da ke zuwa kullum ya koma sau ɗaya a mako. Mai hatsi ba ya jiran mako, farashi na motsi, sai ya kira mota. Kuɗin shiga ya ragu, a rage leburorin layi. Leburori suka ragu, jirgi ya rage gudu don kada ya kauce. Ya rage gudu, sauran masu kayan su ma suka gudu. Sai wata damina ruwa ya cinye kwalbati, a rubuta takarda zuwa sama, a yi ta jira. Ya ce, "Dogo kamar hanyar gona ne, ƙafa ke riƙe shi. Aka daina bi, ciyawa ta karɓa." Bayan ciyawa kuma sai masu kwance ƙarfe da dare su kai wa 'yan gwangwan.

Ya ƙara mini da abin da ban sa a lissafi ba. Ko da jirgi ya kai ni tashar Ibadan, kamfanin ba a tasha yake ba. Sai na ɗauki wata motar, na biya 'yan dako su sauke su loda su sake saukewa, kuma kowane ɗagawa akwai buhun da zai yage. Tirela kuwa daga bakin dakali sai cikin harabar kamfani. Sai mai kaya da yawa, mai sito a bakin layi can da nan, shi jirgi ke yi wa rana.

Shekarun da abin ya faru ba ɓoyayyu ba ne. A 1955 aka mayar da sashen jiragen ƙasa hukuma mai cin gashin kanta. A 1964, shekarar da dogo ya isa Maiduguri, jiragen ƙasar nan sun ɗauki fasinja sama da miliyan 11 da kaya kusan tan miliyan 3. Daga nan sai gangara. Rikicin 1966 ya sa ma'aikata da yawa 'yan Gabas suka bar Arewa, yaƙin basasa ya datse layin Fatakwal da kwal ɗin Inugu da tsofaffin jiragen ke ci. Aka shiga farin farkon shekarun 1970, a 1975 cuta ta faɗa wa gyaɗa, dalar gyaɗa ta Kano ta zama labari. A daidai lokacin kuɗin man fetur ya shigo, aka malala kwalta, mai ya yi arha, manyan motoci suka cika hanya. Zuwa 1974 kayan da jirgi ke ɗauka sun dawo wajen tan miliyan 1. An kawo Indiyawa sun riƙe hukumar jiragen ƙasa daga 1979 zuwa 1982, abin ya ɗan farfaɗo, suka tafi ya koma. A 1986 gwamnatin Babangida ta rushe hukumomin cinikin amfanin gona. Auduga da ta rage, tun 1957 da aka buɗe masaƙar farko a Kakuri, nan Kaduna, wani kasonta ya daina zuwa teku, kuma daga Funtuwa zuwa Kaduna tafiyar mota ce. Daga baya masaƙun ma suka rufe ɗaya bayan ɗaya. An yi gyare-gyare, har jirgin Legas zuwa Kano ya dawo a ƙarshen 2012, reshen namu ma an ba da kwangilar gyara shi a wannan zamanin. Amma gyaran ƙarfe daban, samun kayan da za su cika jirgi kowane mako daban.

A hanyar komawa Giwa maganar Kawu ta "wace masara" ce ta tsaya mini. Mutane kan ce layin ya mutu ne don noma ya mutu. Ni da nake cikin kasuwar hatsi ban yarda ba. Noma bai mutu a ƙasar nan ba, amfanin ne ya sauya. A 1975, shekarar da gyaɗa ta faɗi, aka fara shirin bunƙasa noma na Funtuwa da kuɗin Bankin Duniya, lokacin Funtuwa na cikin jihar nan kafin a cire Katsina a 1987. Shirin ya kawo takin zamani mai rahusa da ingantaccen irin masara, masana na cibiyar binciken noma ta Samaru suna nasu ƙoƙarin, kafin a ankara masara ta fito daga bayan gida ta mamaye gonakin dawa da auduga. Yau duk wanda ke neman masara a Najeriya ya san Giwa da Soba da Saminaka da Funtuwa da Dandume. Kuma in akwai kayan da suka dace da jirgi, masara ce: nauyi gare ta, kuɗinta kaɗan ne in an gwada da nauyin, ba ta lalacewa a kwana uku, masu sayenta da yawa kuma suna can nesa, wajen gidajen kajin Ibadan da Legas. To amma ta zo ne daidai lokacin da reshen ke jan numfashi. Shirin da ya kawo ta hanyoyin burji ya yi wa ƙauyuka don mota ta shiga, ba a yi mata sito a bakin tasha ba. Ga kuma cinikinta a hannun dubban ƙananan mutane irina yake, kowa da tirelarsa ɗaya, babu wata hukuma da za ta tara ta wuri guda. Kasuwannin hatsin ma bakin kwalta suka koma. Dillalin da ya saya mini kaya ya girme ni, kuma bai taɓa ganin buhun masara a tarago ba.

Akwai ma wanda ya riga namu tafiya. Daga Zariya akwai wani siririn layi, faɗinsa ƙafa 2 da inci 6, da ya bi ta Soba da Dutsen Wai da Rahama ya hau Jos, aka gama shi a 1914 don kwaso kuza. Da babban layi ya isa Jos ta Kafancan a 1927 sai aikinsa ya ragu, a 1957 aka rufe shi aka kwashe ƙarfen. Ƙasar da ya ratsa ita ce yau cibiyar masarar jihar Kaduna. In ka bi hanyar Soba zuwa Saminaka da kaka, tireloli ne jere a bakin kowace kasuwa.

Na koma kan tirela. Mota ba a tsaye ake samunta ba, sai ta hannun 'yan kamasho, su ke da lambar direbobin da suka kawo kaya Arewa suna neman lodin komawa. Wanda ya sauke siminti ko taki a Zariya ya fi sauƙin kuɗi a kan wanda za ka taso daga gareji. Aka samo mini wani Bakano mai DAF. Ciniki ya ɗauki lokaci, don shi da kuɗin gas yake lissafi, ni kuma da buhu. Muka daidaita a kan in ba shi kaso mafi yawa kafin ya tashi, ya sha mai, cikon sai ya sauke. Kuɗin hanya a wuyan wa? Wannan ita ce tambayar da in ba a yanke ta a gaban shaidu ba, za a yi ta a waya da tsakar dare. Muka yanke: abin da ya shafi mota da takardunta nasa, abin da ya shafi kaya nawa. Na ɗauki hoton lasinsa da lambar mota, ɗan kamasho ya tsaya masa, na kuma sa ƙanena ya bi kayan.

Kafin a fara lodi sai da na hau bayan motar da kaina. Taki ta sauke, ƙasanta duk burbushi, na sa aka share aka wanke aka bari ta bushe, aka shimfiɗa tamfol. Motar ba ta iya matsowa jikin dakalin ba saboda ƙarfen dogo, don haka a kan hanyar burji ta tsaya, 'yan dako suka riƙa saukowa daga dakali da buhu a ka, su tsallake layin, su hau katakon da aka jingina. Mutum biyu ke ɗora wa ɗaya, shi kuma ya tafi da gudu-gudu, don in ya tsaya nauyin ya danne shi. Ni ina gindin katako da littafi, yaron mota na sama yana nasa ƙirgen, kowane goma mu haɗa baki. Direba ya so in ƙara masa wasu buhunan wani mutum a sama. Na ƙi, don in aka kama shi da wuce kima ko taya ta fashe, kayana ne za su kwana a daji. Aka ja tamfol aka ɗaure, na yanki takardar harajin kaya, na rubuta takardar rakiya mai adadin buhu da sunan mai karɓa.

Hanyar Birnin Gwari ta fi kusa, amma direban ya ce shi bai saki jiki da ita ba tukuna, ni ma ban matsa ba. Suka biyo ta Kaduna, suka kama hanyar Abuja, suka karya ta Lambata zuwa Lapai da Agaie da Bidda, sannan Mokwa, su haye gadar Jabba, Ilori, Ogbomosho, Oyo. Ni ina Kawo, waya na hannu. Ƙanena ya kira daga wani shinge, an ce takardar harajin da na yanka ba ta aiki a nan, sai an yanki tasu. Gaba kaɗan wasu masu sanda da ƙusa a katako suka ce nasu na lodin amfanin gona ne. Wani rasit ɗin ko tambari babu. Kowanne kuɗin ba shi da yawa, amma in ka tara sai ka ga buhu nawa ya tafi. Tsakanin Lambata da Bidda wata tanka ta faɗi ta tare hanya, suka kwana a layi, hadari kuma ya taso ba lokacinsa ba. Na ce wa ƙanena ya zagaya ya duba igiyoyin tamfol ɗaya bayan ɗaya. A Mokwa da Jabba yana ganin dogon da idonsa, har ya turo mini hoto.

A kamfanin ma layi suka tarar, motoci daga Saminaka da Funtuwa da Gombe. Da aka zo kansu mota ta hau sikeli da kaya, wani ma'aikaci ya soki buhuna nan da can ya kai ɗakin gwaji, aka sauke, ta sake hawa fanko, aka cire. Danshi ya fito daidai, wahalar gatsa da zura hannu ba ta tafi a banza ba. Nauyi kuwa ya gaza da 'yan kiloli, wani daga buhunan da suka yage, wani daga bambancin sikelina da nasu, kuma nasu ne ke da magana. Suka ware buhu biyu na can baya da ruwa ya taɓa, suka zaftare kuɗinsu. Kuɗin bai shigo a ranar ba, sai da aka bi takarda ofis-ofis, direba kuma yana kirana kan cikonsa, don ya samu lodin komawa. Na ranta na tura masa.

Da kuɗi suka shigo na zauna da littafi. Na fita, ban yi asara ba. Amma bayan kuɗin masarar kanta, babu abin da ya ci kuɗi kamar mota da abin da aka bari a hanya, ya fi la'ada da dako da buhu da shiƙa in an haɗa su gaba ɗaya. Wannan kuɗin ba daga aljihuna kaɗai yake fita ba: shi ya sa nake taya manomin Giwa ƙasa, shi ya sa mai sayen ƙwai a Ibadan yake saye da tsada.

Muna da sabon jirgi a Kaduna tun 2016, daga Rigasa zuwa Abuja, na kuma hau shi, yana da daɗi. Faɗin layinsa ya fi na tsohon, wanda ƙafa 3 da inci 6 ne, don haka taragon wannan ba ya hawa wancan. An buɗe tashar kaya ta tudu a Kakuri a 2018, an aza harsashin sabon layin Kaduna zuwa Kano a 2021, a 2023 kuma aka gyara tsarin mulki yadda jihohi ma za su iya yin nasu dogon. A ganina duk wanda zai taɓa maganar hatsi a jirgi, daga sito da sikeli a bakin layi zai fara, da wanda zai tara kayan mutum ashirin irina ya cika jirgi ɗaya a rana tsayayya.

Kamfanin sun sake kirana bayan sallah, suna son tirela biyu. Na ce na yarda, amma su turo motarsu ta ɗauka a Kawo, a auna a gabana, a biya a nan. Suka ce haka zai sa su rage farashi. Na ce su rage. Muka daidaita a kan tirela ɗaya.